'Yan Aiken Cikin Jini

Na ɗaure buhu biyu na albasa a Aliero
asuba ba ta gama wanke ido ba.
Keke ya yi ƙara, gwiwa ta amsa.

Kulu, 'yata mai karatun jinya, ta taɓa ce mini:
"Baba, akwai 'yan aike a jininka,
ba ƙafa gare su ba, ba baki,
amma babu gaɓar da ke ƙin kiransu."
Dariya na yi a ranar.

Kafin Jega na farko ya iso.
Daga saman ƙoda yake tasowa, in ji ta.
Ya kaɗa wa zuciya ganga,
ya wangale ƙofofin huhu,
ya ce wa ciki: ajiye niƙan nan tukuna.

Hantsi ya same ni a hanyar Kalgo,
furar safe ta daɗe da ƙarewa.
Sai wani ya je gun hanta
ya ƙwanƙwasa mata rumbu:
fito da zaƙin da kika ɓoye.
Da rumbu ya yi ƙasa
aka waiwayi kitsen da na tara bayan kaka,
ana narka shi sannu
kamar man shanu a gefen murhu.

Gumi ya yi zanen gishiri a rigata.
Wani marowaci ya sauko daga ka,
ya tsare ƙoda: ko ɗigo kar ki zubar.
Da na tsuguna bayan sabara
ɗan kaɗan ya fito, ja kamar shayi.

Akwai wani hawa da cinya ta rantse ta gama.
Na ci gaba da taka feda don kunya kawai.
Can sai wani sanyi ya bi bayana,
zafin ya koma nesa,
kamar kukan jaki a wani ƙauye.
Na kama kaina ina yi wa kwalta murmushi.
Wannan kam Kulu ta gargaɗe ni:
"Rance ne, Baba. Mai shi zai zo."

Na sayar a Birnin Kebbi kafin la'asar.
Yanzu dare ya raba, ina kan tabarma,
ƙafafu sun yi barci, ido ya ƙi.
Ɗaya daga cikinsu bai ji an tashi kasuwa ba,
yana ta zagaye jijiya da fitila.

Kwanta, yaro. Mun iso.