Gola Na Biyu

Mun bar Naifaru da la'asar sakaliya,
mu goma sha ɗaya, kamar su,
sai dai filinmu ba ya tsayawa wuri guda.
Thoha ya ɗaure rediyo a jikin sandar jirgi
da igiyar fatsa, ƙulli uku,
ya lashi batir, ya ce za su kai mu.

Ɗana Naushad yana can wata ƙasa mai tsaunuka
inda aka ce numfashi kan fito fari.
Shekara shida yana bin tawagar ƙasa,
shekara shida yana ɗumama benci.
Ya haddace taken ƙasashe bakwai,
ya san gorar ruwan kowa,
safar hannunsa har yau ƙamshin kanti take yi.
Uwarsa kan ce, ai jira ma aiki ne.
Ni ba na tankawa. Na san masunta
da suka yi furfura suna jira.

Wasan ƙarshe ne, wanda ya faɗi ya faɗi,
babu gobe, babu a sake lale.
Suka ci ɗaya. Iyaz ya tofa yawu a teku.
Muka rama ana saura minti tara,
jirgi ya karkata don duk mun yi gefe guda,
tukunyar shinkafa ta kife,
ba wanda ya waiwaye ta.

Ƙarin lokaci. Iska ta juya.
Muryar mai sharhi na nutsewa tana tasowa
kamar wanda bai iya iyo ba.
Muka ji: gola ya fito... ya kwashe ƙafarsa... jan kati...
sai shuuu.
Thoha ya kai wa rediyo mari,
ta farfaɗo da sunan ɗana a bakinta.

Ban taɓa jin sunan nan a bakin baƙo ba.
Ni na raɗa masa shi a kunnen dama
ranar da hadari ya hana mu fita.
Yau ga shi yana yawo a kan ruwa,
da tsakar dare, shi kaɗai.

Daga kai sai gola.
Na kashe inji don mu ji da kyau.
Na farko ya shiga. Na biyu ya shiga.
Na uku,
mai sharhi ya kurma ihu har lasifika ta shaƙe:
ya tare! Ya tare da yatsun hagu!
Hagun nan da ƙugiya ta huda yana ɗan takwas,
na cire ta da wuƙa bai yi kuka ba
sai da ya hango uwarsa.

Ba zan ƙara wa labari gishiri ba,
na teku ya ishe mu.
Namu biyu suka zubar, ɗaya sama, ɗaya a turke.
Kofi ya zauna a tsaunuka.
Muka saurari gangunan wasu mutane
suna murna da harshen da ba ma ji,
har Thoha ya murɗe ta.

Ruwa na lasar katako.
Iyaz ya durƙusa yana tsince shinkafa.

Da gari ya fara wayewa tsuntsaye suka yi cincirindo gabas,
inda tsuntsu ya taru kuwa, tuna na ƙasa.
Na ta da inji, aka watsa koto,
kowa ya ɗauki sandarsa ba a ce masa ba.
Kifi na faɗowa bayanmu, tim, tim,
ina jefawa ina lissafi:
minti goma sha huɗu da ƙwallo ɗaya.
Shekara shida.
Na sha yin mako a teku
in dawo da abin da bai kai wannan ba.

A bakin tasha Shiuna na tsaye da waya a hannu.
Ta ce ya kira, muryarsa ta dushe,
ya tambaya ko rediyo ta kama a can,
ya ce a gaya maka safar ta yage.

Na ce, ki ce ya kawo ta gida.
Ina da allura, ina da zaren raga.