Ragowar Yadi

Shagona na bakin titi a Kaltungo,
inda motocin Yola ke rage gudu.
Keke ɗaya, almakashi biyu, dutsen guga na gawayi,
da kalandar majami'a wadda rana ta cinye wa launi.
In ka ɗaga kai daga ƙofa, ga dutsen Kilang can tsaye,
bai taɓa ce wa kowa "dawo gobe" ba.

Ni kuwa gobe ce jarina.
Na sayar da ita ga amare, ga 'yan makaranta,
har ga mai makoki da ke neman riga kafin a kai gawa.
Ran Lahadi ni ke zagawa da farantin baiko,
takalmi na sheƙi, amin ɗina ya fi na kowa amo.
Litinin sai in ce wuta aka ɗauke,
alhali kekena da ƙafa ake taka shi.

Sai Bilhatu, matar marigayi Lamela,
ta kawo atamfar zumuntar mata, yadi shida,
kuɗin gyaɗar da ta ɓare har farcenta ya tsage.
Na auna, na yanka, yadi guda ya ragu.
Na ce wa raina: wannan ba sata ba ce,
ragowa ta tela ce tun kaka da kakanni.
Na ɗinka wa autana Filibus 'yar riga mai aljihu.

Ran bikin godiya mata arba'in suka shigo da rawa,
zane iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya,
ga ɗana a bencin gaba sanye da irin nasu,
kamar ɗan zabo cikin zabi.

Bilhatu ta fita daga layi.
Faranti ya hau rawa a hannuna.
Ta durƙusa, ta gyara wa yaron wuyan riga,
ta ɓalla masa maɓallin da ya kwance,
ta ce, "Ubanka ya iya ɗinki."
Shi ke nan. Ta koma cikin 'yan'uwanta.

Wa'azi nawa na sha a kan bencin nan?
Babu wanda ya shige ni kamar wannan allura.

Da dare na kasa jera addu'ata da na saba.
Na ce, Yesu, ai mu ma mun sani,
wanda ya san ɗinki ba ya duban gaban riga,
juya ta yake yi, ya dubi ciki.
To ga ni, juya ni.
Zare ne ko'ina yana reto.

Na kai mata kuɗin, ta ƙi karɓa.
Ta ce in saya wa yaron takalmi,
ta kuma tambayi ciwon bayan matata.

Yanzu ko ƙyalle ya kai tafin hannu,
ƙulle shi nake a leda tare da kayan mai shi.
In aikin Alhamis ta sama ne, in ce Alhamis ta sama.
Wasu sun kwashe yadinsu zuwa shagon da ke cewa gobe.
Kirsimetin bara kaza ɗaya muka yanka,
matata ta ce ko gaskiya ake tuƙawa a tukunya.
Ban sami amsa ba, na ci tuwona.

Kada ku ce na zama waliyyi.
Makon jiya "gobe" ta kuɓuce mini,
sai da na bi mutumin har tasha ina haki,
na ce, "Yi haƙuri, Asabar ce."
Ya dube ni kamar na zare.

Rigar nan ta daina shiga Filibus.
Kullum tare muke kwana, tare muke tashi,
ban ga ranar da ya girma ba,
hannun riga ne ya gaya mini.
Na rataye ta a ƙusa kusa da kalanda.
Wani lokaci in ƙafata ta gaji da taka keke
nakan dube ta, in ce:
Ubangiji, tef ɗin yana hannunka,
ni dai bari in gama wandon mutane.