Harshen Aro

Shekara tara ina kuku a wani otal a Osu,
ina haɗa romon da ban taɓa lasa ba.

Albasa tukuna, a man shanu,
har ta yi laushi ta daina kuka.
Kan ƙanzon da naman ya bari a kasko
nake tsiyaya jar giyar inabi.
Caa! Tururi ya taso, na kau da fuska.

Hanci ne malamina.
In kaifin ya gudu, rabin ruwan ya ƙone,
sai romon ƙashi, sai masoro,
har ya kama bayan cokali
kamar lalle a tafin hannu.

Sannan na kira Ekuwa mai wanke-wanke.
Ta lasa, ta lumshe ido:
"Gishiri kaɗan, Baba Mumuni."
Ladanta kan kifi.

Ran hutu, a Nima,
na tafasa zoɓo da citta da kanumfari,
na kwarara kan tsokar rago.
Launin dai ɗaya ne.
Na lasa, na sake lasa.

Ko sun yi kama?
Ekuwa ba ta taɓa zuwa Nima ba.