Cokali Ɗaya na Daddawa

Shekara arba'in ina rufe kalwa da ganye,
kwana uku in buɗe, wari ya ce ta yi.
Ban taɓa tambayar wa ke aikin ba.

Sai Bara'atu, ɗiyar ƙanwata,
ta dawo Gwaram da kwalba,
ta ɗebi cokali ɗaya a kwandona.
Wai masu rai ne ciki, ido ba ya kama su,
za ta sauya musu darasi
su koyi dafa magani.

Na yi dariya har da tafi.

Bana gyambon Malam Ɗanjuma ya kame
da man da ta aiko.
Yanzu in zan rufe kwando
nakan sunkuya in ce:
sannunku da aiki.