Albasa Ɗaya

Babana Nomau ba ya zuba albasa a rumbu
sai ya juya ta a tafin hannu,
ya matsa wuyanta da babban yatsa,
ya kai ta hanci.
In ta yi laushi, ko ta fi kowace ja,
bayan darni za ta kwana.
Muna yara, muna cewa ɓarna ce.

Ni ban gaji gona ba.
Shagona na kusa da ƙofar jami'a, nan Aliero:
rufin kwano, labule, kwamfuta ɗaya,
firinta mai tari,
janareta mai shan fetur kamar an aiko shi.
Ina buga wa ɗalibai kundin kammala karatu,
shafi-shafi nake tara tuwon dare.

Wata Laraba, rana na dukan kwano,
Marwanu ya shigo da filashi a wuya kamar laya.
Kwamfuta nawa ta kwana kafin tawa?
Ban tambaya ba.
Ya ce malaminsa na son wani salon harafi
wanda ba ni da shi.
Na shiga intanet nema.
Wani shafi ya buɗe, kore shar, yana kashe mini ido:
kyauta ne, latsa nan, saura daƙiƙa goma.
Na'urar ta ce, kin tabbata?
Na ce, ke dai kin cika tsoro.
Na latsa.

Har yau ban san wadda ta ci ni ba,
filashin ko kyautar.

Cutar ba ta yi sallama ba.
Alhamis na'ura ta yi nauyi, jaki a cikin rairayi.
Juma'a tagogi na buɗe kansu,
wannan na tallar maganin ƙiba,
wancan na rantsuwa na ci mota.
Asabar da hantsi na nemi babi na huɗu na Saratu:
sunan na nan, cikin babu.
Ɓawo.
Kundi goma sha ɗaya,
shekara hurhuɗu ta 'ya'yan mutane,
sun ruɓe a rumbuna cikin kwana uku.

Na naɗe ta da zane kamar mai jinya,
na hau mota zuwa Jega.
Lawwali mai gyara ko kai bai ɗago ba.
"Yaushe rabonki da sabunta riga-kafi?"
Na ce data na tsada.
Ya ce, "To, yau za ki ji kuɗin kyauta."
Ya ceto bakwai. Huɗu sun tafi,
har da na Saratu.
Dare shida muna sake bugawa, ni da ita,
daga takardun da ta rubuta da hannu.
Ba ta zage ni ba.
Da ta zage ni, da na fi samun barci.

Yanzu duk filashin da ta zo, sai ta tsaya a bakin ƙofa
riga-kafi ya gama laluben aljihunta.
Adireshin shafi ina karanta shi harafi-harafi,
don ɓarawo ma yakan ari rigar mai gida,
sai dai maɓalli ɗaya kan sha bamban.
Manhaja kuwa daga gidan maƙerinta nake ɗauko ta,
ba daga hannun ɗan tsince a kan hanya ba.
Abin da ya ce in yi sauri, rufe shi nake.
Saƙo mai ƙunshi, ko da sunan ɗan goggona ya zo,
sai na kira shi: kai ka aiko?
Kowace magariba ina kwafe aikin yini,
in kai gida, in sa a ƙarƙashin kwalla.

Ɗalibai na ƙorafi: Kulu, kin cika jinkiri.
Eh, na cika.

Jiya na leƙa gida,
na tarar da Baba a gindin rumbu, tsibi biyu a gabansa.
Ya ce, "Wai aikin me kike da akwatin nan?"
Na ce, irin naka ne.
Ya yi dariya, bai yarda ba.
Ya ɗauki wata ja, mai sheƙi, ya miƙo mini.
"Sansana wannan."