Karyar Gida Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

Shekara ashirin da uku ina raba wasiƙu a Toledo,
na san kowace ƙofa da irin haushin da ke bayanta.
A sharaɓata ta hagu akwai ɗinki goma sha huɗu,
fitbul ne ya yi mini su, wata Talata, ana zuba dusar ƙanƙara.
Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya.
Ni faffaɗan kai nake hangowa, gwiwata ta yi sanyi.

Sai ga Odessa Pruitt, wadda ta tsufa tana dafa wa 'yan firamare abinci,
ta dawo daga gidan ajiye dabbobi da wata a bayan mota.
Ruwan toka ce. An datse kunnuwanta da almakashi,
ba aikin likita ba ne, ko makaho ya shafa zai faɗa.
A wuyanta akwai zobe inda gashi ya ƙi tsirowa,
shekara huɗu sarƙa na kwana a wurin.
Daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa 'yan sanda suka ciro ta,
inda ƙarti ke zube dala a kan jini,
wanda karensa ya faɗi ya huce a kan mai sauran numfashi.

Ta raɗa mata suna Clementine.

Rutledge na tsallaken titi ya zaga da takarda.
"Hali zanen dutse ne," in ji shi,
"an ƙera irinsu ne don su kama su ƙi saki."
Na sa hannu. Ba zan ɓoye ba, ni ne na uku.

Odessa ba ta tanka ba.
Ta kira mai walda ya ƙara wa shinge tsawo,
ta sayo takunkumi da igiya mai kaurin yatsa biyu.
Ran Lahadi in jikoki sun zo, ƙofar kicin a kulle take.
"Ba na rantsuwa," ta ce,
"a kan wadda ban ga ƙuruciyarta ba."

Ban taɓa jin haushinta ba.
Ranar da na tsaya a ƙofarsu ina laluben jaka,
sarƙar makullaina ta yi ƙara, kacau,
sai na ga duk wannan ƙirjin ya zube a ƙasa,
ta manna haɓa da ciyawa, fitsari na bin ƙafarta.
Ni a nan ina rawa, ita a can tana rawa,
ƙarfen shinge a tsakaninmu,
kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara.

Kada ku ce ina wanke ta.
A watan Yuni kurege ya yi kuskuren sauka,
girgiza ɗaya ta yi masa, ko ƙara bai samu yi ba.
Odessa ta binne shi a gindin tumatir,
ba ta nema mata uzuri ba.
Da yamma kuma na gan su a baranda,
wannan kan dai, wannan muƙamuƙin dai,
a kwance kan kumburarrun ƙafafun tsohuwa, ana minshari.

Na ce, "Tana cizo?"
Ta ce, "Tana da haƙora.
Waɗanda suka yi mata haka, da hannu suka yi,
kuma ba wanda ya zaga da takarda a kansu.
Igiyar dai tana hannuna, ba na yin gyangyaɗi."

Takardar Rutledge ta tsaya a suna tara.
Har yau ban miƙa hannu ta cikin shinge ba,
jiki magayi, sharaɓa ba ta mantuwa.
Amma tun daga gida mai lamba talatin da bakwai
nake dunƙule makullai a tafin hannu,
in wuce su shiru,
ita ta ɗaga guntun kunne, ta mayar.