Inda Albasata Take Zuwa

Shekara ashirin da uku ina ɗora buhu kan buhu
a tashar Aliero, ina raka tirela da addu'a.
Albasata ta san Kalaba, ni ban sani ba.
Muryar Asukwo kaɗai na sani a waya,
mai jan ciniki kamar jan ƙirgi,
mai biya kan lokaci, ko ya yi mita.

Bana, da na kwashe rudu, na ce wa Ige:
"Ɗaure mini kaya, zan bi sawun buhunana."
Ta ce, "Tsufa ne ko rigima?"
Na ce duka biyun.

Kwana biyu a hanya.
Bayan Lakwaja ƙasa ta sake riga,
kuka ta ja da baya, ƙaya ta yi sallama,
kwakwar manja ta tare ko'ina.
Ni da nake shayar da fadama da injin haya,
ina ƙirga mai da kwalba,
ga mutanen da ruwa ke bi har ɗaki,
hadari ya taso suna tsaki!

Asukwo gajere ne. Na zaci ƙato.
Ya riƙe hannuna ya ƙi saki,
ya ce da Hausarsa mai ɗingishi,
"Alhaji, ashe kai ma kana da fuska."

Ya kai ni Agbokim, inda kogi ke dirowa daga dutse.
Na cusa hula a aljihu kar iska ta karɓe,
na yi magana ban ji kaina ba.
Na tuna rijiyar gonata, gaba tara,
da yadda nake leƙa ta a watan bazara
kamar mai duba majinyaci.

A Ikom na ishe duwatsu tsaye cikin ciyawa,
masu ido, masu gemu, masu cibiya.
Ɗaya sak kawuna Nomau
ranar da taki ya hau kuɗi.

Amma a gidan tarihi na bakin ruwa
ban yi dariya ba.
Akwai mari na ƙarfe, ɗan ƙarami,
daidai ƙafar jikata Hajo.
Asukwo ya nuna kogi da haɓa,
ya ce daga nan jirage ke tashi.
Kakata ta taɓa faɗin wani ƙanen kakanta
da ya fita kiwo bai dawo ba.
Ban san hanyar da aka bi da shi ba,
ta rairayi ko ta ruwan gishiri.
Muka fito, ba mai kallon wani.

Da dare sai kiɗa.
Gangar itace zalla, ba fata, an tsaga bakinta,
tana magana garaya ta bature na ba ta amsa.
Wata tsohuwa ta duƙa tana taka ƙasa a hankali
kamar mai dashen iri.
Na zauna da mutuncina,
sai ƙafar hagu ta ci amanata a ƙarƙashin riga.
Kada ku kai wa liman.

Ranar tafiya na shiga kasuwa.
Ga ta nan a faranti, kashi uku-uku,
ja, mai sheƙi, na san ta kamar tafin hannuna.
Na tambayi kuɗi. Sai da na nemi benci.
Mai tallar ta ce, "Mai kyau ce, daga arewa take,
ba ka san wahalarta ba."
Na biya ban taya ba.

Biyu na bar wa matar Asukwo.
Ɗaya tana nan kan tagar ɗakina a Aliero,
ta fid da koren tsiro.
Jiya Ige ta ɗauko wuƙa, miya na jira.
Na ce ajiye ta,
wannan ta je ta dawo,
gobe zan nema mata wuri a bakin rijiya.